Alamar Lana da Aka Ɗinka a Xintang

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Guangzhou shi ne rashin ƙarar mashin. Na baro Kano, garin da in ka ɗaga hannu za ka sosa kunne sai ɗan acaɓa ya ci birki a gabanka, na zo ƙasar da ake ƙera mashinan nan ana loda mana su a kwantena, sai na tarar su a cikin birninsu sun hana hawa. An ce mini dokar ba ta daɗe da fitowa ba. A Sanyuanli, inda muke kwana, sai bas da tasi da jirgin ƙarƙashin ƙasa. In kana marmarin ganin mashin sai ka fita wajen gari, irin su Xintang, inda ake ɗinka wandon jins, don a lokacin hanin bai kai can ba.

Wanda ya kai ni Chana ɗan kawuna ne, wato taubashina. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don ya haura hamsin, amma hakan bai hana mu wasa ba. Ina ce masa tsoho, yana ce mini ɗan gwaggo, kowannenmu kuma yana rantsuwa ɗayan bawansa ne. Ya riga yawancin mutanenmu zuwa garin, tun ana ganin baƙin mutum a titi a tsaya kallo. Aikinsa shi ne 'yan kasuwar gida su aiko da abin da suke so, shi kuma ya tsaya a kan kayan har a rufe kwantena. Ba ya yarda da samfurin da aka nuna masa a shago. Sai ya je inda ake ɗinkin da ƙafarsa, ya zaro wando daga tsakiyar tsibi, ya juya cikinsa, ya ja ɗinkin da ƙarfi, ya zuge zif sama da ƙasa har mai wurin ya fara tsaki.

To, a Xintang ba a gama wando a wuri ɗaya. Masu yanka suna wannan lungu, masu ɗinki suna wancan, masu wanki da koɗar da launi suna can bakin ruwa, masu buga maɓalli kuma sai ka tsallaka babban titi. Wanda zai bi kayansa tun daga yadi har cikin kwali, ƙafarsa ce jarinsa. Ƙafar ce kuwa ta fara ba taubashina kunya. Gwiwarsa ta dama ta riƙa kumbura, har ya koma sallah a zaune in mun dawo da yamma. Matarsa da babban ɗansa suka sa shi gaba a waya, kullum magana ɗaya, ya dawo gida ya zauna a shago. Shi kuwa jin maganar yake kamar an ce ya shiga kabari da ransa. Daga ƙarshe ya yi musu alkawari a gabana cewa duk ranar da ya kasa zagaya masu ɗinkinsa da kansa, zai haɗa kaya ya taho. Mutum ne mai cika magana, don haka na san abin da ya ɗora wa kansa.

Da farko masu haya da mashin ne suka rufa masa asiri. Suna nan a bakin tashar bas, ka nuna musu katin wurin da za ka, su kai ka. Amma shekarar ita ce ta wasannin Olamfik, kuma ko da yake a Beijing za a yi, har kudu iskar ta kaɗo. 'Yan sanda suka cika mararraba, ana duba takardu, ana kama masu hayar da ba su da izini. Masu hayar suka yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma suka zama kamar zomaye. Wata rana wanda ya ɗauko taubashina ya hango shinge, ya yi kwanar da ba ta da kai, ya zubar da shi a kwatar da ruwan rinin jins yake bi, ya ƙara gaba ko waiwaye babu. Na same shi zaune a bakin hanya, farar rigarsa ta koma shuɗiya daga ƙugu zuwa ƙasa. Na yi dariya har na riƙe ciki, Allah ya yafe mini. Shi bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗan gwaggo, za ka koya mini mashin."

Na ce, "Tsoho, kai da ko keke ba ka taɓa hawa ba?"

"Shi ya sa na ce ka koya mini. In na iya, me zan yi da kai?"

Gaskiya ne bai taɓa hawa ba. Tun yana ƙarami kawu ya zaunar da shi a shago, gidansu kuma ba nisa da kasuwa, bai taɓa buƙatar abin hawa nasa na kansa ba. Ni kuwa na yi acaɓa shekaru lokacin ina karatu, har ina taƙama da cewa ba lungun da ban ratsa ba tsakanin Fagge da Kurna.

Mashin bai yi wuyar samu ba. Akwai wata mata mai wurin ɗinki da taubashina ya fi daɗewa yana hulɗa da ita. Lauban muke ce mata, kamar yadda ake ce wa duk mai wuri a can. Gajeriya ce mai faɗa, ba ta jin Turanci sai kalmomin ciniki, amma ita da shi suna iya shafe sa'a suna gardama da hannu da fuska kowa ya gane ɗan'uwansa. Ƙaninta yana da wani tsohon mashin da yake jingine a bayan wurin. Taubashina ya nuna mashin, ya nuna gwiwarsa, ya nuna filin da ke bayan ginin. Ta kwashe da dariya ta kira ƙanin, ya miƙo makulli.

A filin nan muka fara, bayan la'asar, in mun gama zagaye. Ban taɓa ganin ɗalibi mai taurin hannu irinsa ba. Yana riƙe kan mashin kamar zai shaƙe shi. In na ce ya saki kuloci a hankali, sai ya sake shi gaba ɗaya, mashin ya yi tsalle ya mutu. In na ce ya taka birki, sai ya murɗa totur yana salati. 'Yan matan da ke yanke zare a bakin wanduna sukan fito da kwanon abincinsu su jeru a inuwa suna kallo, duk faɗuwa sai shewa. Ni kuma ina binsa da gudu riƙe da bayan kujera, gumi yana zuba, ina faɗa masa maganganun da ba zan iya faɗa wa wani babba ba in ba taubashi ba. Bai taɓa yin fushi ba. Zai tashi ya kakkaɓe wando ya ce, "Bawa, ɗaga mini mashin."

Sannu a hankali hannun ya faɗa. Ya fara zagaya filin ba tare da na riƙe ba, ya iya sauya giya, ya iya tsayawa inda ya yi niyya. Ranar da ya fara yin kwana bai sauke ƙafa ba, lauban da kanta ta fito ta tafa masa. Na ga fuskarsa ranar, irin farin cikin da babba yake ƙoƙarin ɓoyewa ya kasa. A bas muna komawa Sanyuanli ya buga wa matarsa waya, ya ce mata maganar gwiwa ta ƙare, an samu mafita. Bai gaya mata mashin ba ne, don ya san abin da za ta ce.

Sai batun hawa titi. A nan ne halinsa na bin ƙa'ida ya shigo. Taubashina mutum ne da fasfonsa ba ya rabuwa da aljihunsa, bizarsa ba ta taɓa wuce wa'adi ba, in muka sauya masauki shi ne na farkon zuwa ofishin 'yan sanda ya yi rajista. Yana jin haushin samarin da ke zama ba takardu suna ja wa kowa baƙin jini. Ya ce mini, "Ba zan hau titin mutane kamar ɓarawo ba. Ni lana ne, kuma sai na sa alama kowa ya sani."

Duk wanda ya tashi a Kano ya san abin da yake nufi. A gida in mutum yana koyon mota ko mashin, sai ya samo farin kwali ko gwangwani, a rubuta jan L, ya rataya gaba da baya. Shi ke nan ya sanar da hukuma da jama'a. Ɗan sanda ya gan shi ya ɗaga masa hannu, masu mota su ba shi hanya suna tsokanarsa, wani ma ya leƙo ta taga ya ce Allah ya sa a iya lafiya. An ce a kan takarda akwai wani izinin koyo da ake yanka, amma ni duk tsawon zamana a kan titi ban taɓa ganin wanda ya nuna shi ba. A saninmu alamar ita ce izinin, lasin kuma sai hannu ya faɗa ake nema. Haka na sani, haka ya sani, kuma bai taɓa zuwa mana a rai cewa akwai ƙasar da ba haka ake yi ba. Da yamma a wurin cin abinci na faɗa wa mutanenmu, aka yi ta dariya ana ce masa Alhaji lana. Cikin duk waɗanda ke zaune ba wanda ya ce a tambaya.

Shi kuwa ba zai rataya kwali ba a garin ɗinki. Ya samo farin yadi mai kauri, irin wanda ake aljihun wando da shi, ya sa aka yanka gida biyu aka kalmashe bakin. Ya zana harafin da alli, ya kai wa mai injin surfani ya cike shi da jan zare. Sai da ya sa aka warware aka sake, wai ƙafar harafin ta karkace. Lauban ta ɗauka sabon tambarin wando ne yake gwadawa, har tana tambayarsa guda nawa zai yi oda. Ya ɗaura ɗaya a ƙarƙashin fitilar gaba, ɗayan kuma a baya, inda muke ɗaurawa a gida, wato a saman lamba. Ƙyallen ya sauko ya rufe fiye da rabin lambar. Na gani da idona, abin da na ce kawai shi ne ɗinkin ya yi kyau.

Da hantsi ya fita, zai je wurin masu wanki ya dubo wasu kaya. Ya sa hular kwano, ya ɗaure igiyarta har wuya. Na tari ɗan haya na bi shi a baya don in ga yadda zai yi. Yana tafe a hankali a gefen hanya, bayansa a miƙe, yana ba da sigina tun kwana tana nesa. Na ji daɗi a raina, ina cewa wannan aikin hannuna ne.

Muna fitowa babban titi na hango shinge a mararraba, ƙarƙashin tutocin wasanni. Masu mashin da ke gabanmu suka fara zamewa lunguna ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗauko ni ya ci birki ya ce in sauka, bai ko tsaya ciniki ba ya juya. Akwai lungu a hannun daman taubashina, a buɗe, ya gan shi sarai. Bai shiga ba. Me zai sa ya shiga? A ganinsa duk titin nan ba wanda ya kai shi gaskiya. Ya tafi kai tsaye har gaban ɗan sandan, ya tsaya tsaf, ya kashe mashin, ya ce, "Nihau," wato sannu, yana murmushi.

Na iso da sauri ina haki. Ɗan sandan matashi ne, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya zagaya bayan mashin, ya ɗaga ƙyallen, ya dubi lambar, ya sake ƙyallen ya ga yadda ya rufe ta. Ya kira abokin aikinsa, suka tsaya suna kallon jan harafin suna magana ƙasa-ƙasa. Aka karɓi fasfo aka duba, ba matsala. Sai matashin ya haɗa yatsunsa ya yi siffar ɗan kati, ya nuna mashin.

Taubashina ya ce, "Meyo," wato babu. Ya faɗe ta da fara'a, ya nuna alamar gaba, ya nuna ƙirjinsa, ya ce da Hausa kamar za su ji, "Ai koyo nake."

Suka sake tambaya, ya sake ba su amsa ɗaya. Na ga fuskokinsu sun canja. Na buga wa wani mutumin Maraɗi da ya yi karatu a ƙasar yake yi wa 'yan kasuwa tafinta, na miƙa wa ɗan sandan wayar. Suka daɗe suna magana. Da aka dawo mini da ita, muryar mutumin har rawa take don faɗa.

"Mi kuka yi haka? Wa ya ce muku ana hawan moto nan babu permi, lasin da kuke cewa?"

Na ce, "Ai ya sa alamar lana."

"Wace alama? Wanga ƙyalle naku ba su san shi ba. Su abin da suka gani, an rufe lamba da gangan. Nan mai koyo ba shi taka titi sam. Cikin filin makaranta ake koyo, a yi jarrabawa, a ba ka permi. Bayan nan ne ake manna wa sabon direba wata alama ruwan ɗorawa, ya yi shekara da ita. Ku kun fara daga ƙarshe. Kuma ya faɗa musu da bakinshi cewa ba shi da permi."

Na juya na faɗa wa taubashina. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni a hankali, "Wato alamar ba ta komai?" Na ce ba ta komai. Ya cire hular kwanon ya riƙe a hannu, ya dubi mutanen da suka taru suna kallo, ya sunkuyar da kai. 'Yan sandan ba su yi masa tsawa ba, ba su taɓa shi ba. Suka ɗora mashin a bayan wata mota, suka buɗe masa ƙofar wata. Kafin ya shiga ya ce mini, "Je ka wurin masu wanki, kada su sa kayan a kwali ba a duba ba."

Dokarsu ta ba da dama a tsare wanda ya tuƙa ba lasin na wasu kwanaki, kuma a shekarar ba wanda ya nemi sassauci ya samu, don haka aka tsare shi. Muka yi ta sintiri ni da mutumin Maraɗi. Lauban ta rufe wurinta ta bi mu, ta yi magana har muryarta ta dushe, alhali ƙaninta ma yana cikin matsala saboda ba da mashin ga wanda ba shi da lasin. Ita ta ɗauka a filin zai tsaya. Duk inda muka je amsar ɗaya ce, cikin ladabi, cewa an riga an rubuta. Matarsa ta yi ta bugo waya, na yi ta kame-kame, har dai na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Mashin? Shi?" Ta kashe wayar.

Ranar da aka sake shi ya fito yana jan ƙafa, gwiwar ta kumbura fiye da yadda na taɓa gani. Tambayarsa ta farko ita ce ko an mayar wa ƙanin lauban mashinsa. Bizarsa tana gab da ƙarewa, kuma a lokacin an daina sabuntawa cikin sauƙi, sai mutum ya koma ƙasarsa ya nemo. Ya ce ba komai, zai je ya ga iyali ya dawo bayan wasanni. Ya haɗa 'yar jaka ɗaya, ya bar sauran kayansa a ɗakin, har da bargon sanyinsa da tukunyar da yake dafa shinkafa. A shagunan Sanyuanli kowa ya kafa ido a talabijin ana kallon masu ninkaya da masu gudu, muka ratsa ta cikinsu muka tari tasi.

Ya nemi biza bayan wasanni, aka hana shi. Ya bari aka kwana biyu ya sake nema, aka sake hana shi. Ba a faɗin dalili, amma mu mun sani. Samarin da yake yi wa faɗa a kan takardu wasunsu suka ci gaba da zama shekara da shekaru, shi da ya tafi gaban ɗan sanda da ƙafarsa yana gaisuwa ƙofa ta rufe masa. Wannan abu yana ci mini rai har yau. Ina takaicin cewa tambaya ɗaya, waya ɗaya ga mutumin Maraɗi kafin a ɗinka ƙyallen nan, da ta wadatar. Ina takaicin cewa mun yi ta dariya a daidai lokacin da ya kamata wani ya yi tunani. Wataƙila da gwiwar ta mayar da shi gida ko ba mashin, amma da shi ne zai zaɓi ranar, ya bi masu ɗinkinsa ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama. Bai samu ya yi wa ko ɗaya ba.

Kwastomominsa suka dawo hannuna, don dole wani ya tsaya a kan kayan. Da farko kullum yana waya, yana gaya mini wanda ke rage zare da wanda ke sauya zif in an juya baya. Daga baya kiran ya ragu. Ya ce in sayar da kayan ɗakinsa ko in bayar, na bayar.

Da na je gida na same shi a shagonsa na Kantin Kwari, zaune a kujera, ƙafar a miƙe kan buhu. Ya yi ƙiba, ya yi furfura sosai. Na zauna na jira ya ce mini bawa, bai ce ba, sai tambayar hanya da gajiya kamar ya yi baƙo. Muna cikin haka wani saurayi ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce an turo shi ne, yana son ya fara sayo jins daga Chana, an ce Alhaji ne ya san kan abin.

Taubashina ya dube shi, na ga bakinsa ya motsa kamar zai fara bayani. Sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga mai zuwa can, shi za ka tambaya. Ni yanzu labari nake ji."

Saurayin ya juyo gare ni da tambayoyinsa. Ina ba shi amsa, taubashina yana gyara jerin wandunan da ke gabansa.